"A Can Ba Haka Ake Yi Ba": Hirar Waɗanda Suka Zauna Waje da Siyasar Gida

A Agege da Idi-Araba da Obalende da layukan da ke bayan kasuwar Mile 12 akwai wani rukunin Hausawa da ba a cika magana a kansu ba: waɗanda suka taɓa zama a ƙasar waje, suka dawo, neman abinci kuma ya ajiye su a Legas maimakon Kano ko Sakkwato. Ba masu kwat da jakar hannu kaɗai nake nufi ba. Ina nufin malamin Islamiyya da ya yi karatu a Hartum ko Alƙahira, da direban da ya tuƙa wa Balarabe mota a Jidda, da ɗan canjin da aka haifa a zangon Kumasi, da ma'aikacin asibitin da ya ɗanɗani sanyin Ingila ya ce ya isa. Idan irin waɗannan suka haɗu bayan an kwana biyu ba a ga juna ba, hirarsu tana da hanyar da take bi. A gaisa, a tambayi iyali, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Sai wani ya ce, "Malam, me kake karantawa kwanan nan?" ko ya zaro waya ya nuna wani rubutu da aka turo masa. Daga nan siyasa ta shigo, domin kusan duk abin da ake karantawa yanzu a kanta yake. Kafin shayi ya huce kuwa sai ka ji an ce, "Wallahi a can ba haka ake yi ba." Da an faɗi wannan gardama ta mutu. Wanda bai taɓa tsallake iyaka ba sai ya ja bakinsa ya yi shiru, tunda an ce gani ya kori ji.

Ina cikin masu zama a irin wannan majalisa, kuma ina ƙaunarta. A garin da mutum ke fita kafin asuba ya dawo bayan isha, samun wanda za ku zauna ku yi maganar da ba ta ciniki ba babbar ni'ima ce. Amma na daɗe ina ganin waccan jimla tana yi wa tunaninmu na siyasa illa. Mai faɗinta ba ƙarya yake yi ba. Ya ga wutar da ba a ɗaukewa, ya sha man da bai kai ruwan gora tsada ba, ya je asibiti an duba shi ba tare da ya san kowa ba. Sai dai ya ga abin ne a wata shekara, daga wani matsayi, matsayin kuma na baƙo ne. Baƙon da aka kawo wa akushi a zaure zai iya ba da shaidar daɗin miya, amma bai shiga madafi ba, bai san ko da bashi aka yi cefanen ba.

Saudiyya ce aka fi kafa hujja da ita, don haka bari in daɗe a kanta. Akwai wani Alhaji a cikinmu da ya yi aikin tuƙi a Jidda. Duk lokacin da aka taɓo farashin fetur sai ya gyara zama ya ba da labarin yadda yake cika tanki da kuɗin da bai kai na farantin shinkafa da kaza ba. Rannan wani ƙaninmu ya tambaye shi cikin ladabi, "Alhaji, yaushe rabonka da can?" Ya ce tun kafin Sarki Abdallah ya rasu. Sarki Abdallah kuwa ya rasu a watan Janairun 2015. Ke nan Saudiyyar da Alhaji ke ba mu labari ta wuce, ko Saudiyyawa ma ba sa cikinta yanzu. A watan Janairun 2018 gwamnatin ƙasar ta ɗaga farashin litar fetur na yau da kullum daga riyal 0.75 zuwa 1.37, mai tsadar kuma daga 0.90 zuwa 2.04. A wannan watan ne ta shigo da harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, na kashi 5 cikin 100, ta kuma ninka shi uku zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020. Namu a Najeriya kashi 7.5 ne. Baƙin ma'aikata irinsa kuwa, daga Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsu da ke zaune tare da su, kuɗin yana ƙaruwa kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Dalilin da ya sa da yawa suka tattara mata da 'ya'ya suka turo gida ke nan.

Ko a zamanin arhar ma, lissafin ba ɗaya ba ne. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta ba da mutum kusan miliyan 32, sama da miliyan 13 daga ciki baƙi ne, a 2024 kuma ƙasar tana haƙo gangar ɗanyen mai wajen miliyan 9 a rana. Najeriya tana da mutum sama da miliyan 200, tana fama da gangar miliyan ɗaya da rabi. A can ganga ɗaya ta mutum huɗu ce a kowace rana. A nan ganga ɗaya ta mutum sama da 130 ce. Duk wanda ya ce "mu ma ai muna da mai" gaskiya ya faɗa, amma wannan rabon shi ne abin da bai faɗa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin Saudiyya shi ne abin da babu wani direba ko ɗan aikin gida da zai iya gani daga inda yake. Kafin a ƙara farashin nan, a watan Disambar 2017, gwamnati ta fara biyan 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi kuɗi kai tsaye a asusunsu, a ƙarƙashin shirin da suke kira Hisabul Muwaɗin. Sun iya yin haka ne domin sun san mutanensu: wane ne, 'ya'yansa nawa, me yake samu. Baƙo ba ya cikin shirin, don haka bai shigo labarin da yake kawo mana ba. Amma shi ne ainihin darasin da ya shafe mu.

Sudan kuma labarinta ya fi zafi, domin masu ba da shi suna ba da shi da ƙauna. Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Hartum a shekarun 2000 zai gaya maka karamcin Sudaniyawa, da tiren abincin buɗa-baki da ake fito da shi titi a watan azumi a tare matafiya sai sun sauka sun ci, da burodi da wake na safe wanda ko ɗalibin da ba a aiko masa da kuɗi ba zai iya saye. Wannan duk gaskiya ne. Amma waɗannan su ne shekarun da man fetur ya shigo wa Sudan, tun da ta fara fitar da shi a 1999. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Gwamnatin Umar al-Bashir ta ci gaba da riƙe arhar burodi da mai ba tare da kuɗin da ke riƙe su ba. Ta taɓa tallafin mai a Satumbar 2013, aka yi zanga-zanga, aka kashe mutane da yawa. A Disambar 2018 burodin fam ɗaya ya koma fam uku, garin Atbara ya tashi, wutar ta bazu, a ranar 11 ga Afrilun 2019 sojoji suka sauke al-Bashir. Shekara huɗu bayan haka, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Burhan da dakarun Hamdan Dagalo, ƙannenmu da 'ya'yanmu ɗalibai suka kwana a hamada a bakin iyakar Masar suna jiran a buɗe musu hanya, kafin jirage su kwaso su daga Aswan.

Malamin da ya fi kowa son Sudan a majalisarmu shi ne ya warware mana wannan zaren, kuma ba daga abin da ya gani ba. Ya ce shi da yake can bai san komai a kai ba, karatunsa yake yi. Sai bayan yaƙin ya tashi, baƙin ciki ya sa ya nemi littattafan tarihin ƙasar na Larabci ya zauna ya karanta. "Ɗan'uwa," in ji shi, "burodin da muka ci muna yabo, ashe 'ya'yansu ne za su biya." Ban taɓa jin wanda ya haɗa abin da idonsa ya gani da abin da ya karanta ya fito da magana mai nauyi kamar wannan ba.

Masar ta bi wata hanya. Ta saki kuɗinta kasuwa ta yanke masa daraja a Nuwambar 2016, ta sake yi a Maris na 2024, jama'a suka sha wuya, amma ta riƙe burodin tallafi ta hanyar kati, wanda miliyoyin iyalai ke karɓa da shi. Sai a Yunin 2024 aka ɗaga farashinsa daga ƙirshi 5 zuwa 20. Gana kuwa, wadda aka daɗe ana yi mana gori da ita, ta kasa biyan basussukanta a Disambar 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, ta koma hannun Asusun Lamuni na Duniya. Masu labarin Ingila su ma sukan manta da harajin ƙaramar hukuma da ake biya a kan gidan da mutum ke ciki, da yadda ake zare haraji daga albashi kafin ya iso hannu.

Kada wani ya ɗauka ina wanke gwamnatinmu ne. Akasin haka nake nufi. Wanda ya tsaya a "a can mai yana da arha" ya ba mai mulki hanyar kuɓuta, domin amsar tana da sauƙi: su ma sun ƙara. Wanda ya san yadda aka ƙara a can shi ne zai iya yin tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100 a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zo ba sai a Yulin 2024, fiye da shekara guda bayan an cire tallafin, kuma bai shafi mai turin baro ko mai yankan farce ba. Tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma kowa ya san wani kaso na man yana tsallakawa Nijar da Benin da Kamaru, don haka hujjar cire shi tana da ƙarfi. Laifin yana wajen jerin aikin: an cire kafin a tanadi abin da zai tare talaka, an haɗa shi da faɗuwar naira a wata ɗaya, kuma babu wani kundin sunayen mabuƙata da jama'a suka yarda da shi. Wannan ita ce tuhumar da ta kamata. Mutanen Legas sun san tarihinta, domin a Ojota, tafiyar mintuna kaɗan daga Mile 12, aka yi babban taron Janairun 2012 lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, dole ta sa ta sauko zuwa 97.

Wani dillalin albasa ya ƙara mana wani abu da ni ban taɓa lura da shi ba. Tirelolin da ke ɗauko kwandunan tumatir da buhunan albasa daga Arewa, tafiyar sama da kilomita 1,000, ba fetur suke sha ba, man gas ne, wanda aka daɗe da cire wa tallafi, kuma tashinsa ya faro tun 2022. Abin da ya ninka musu kuɗin mota shi ne gas da farashin taya da kayan gyara da ke bin dala, sai shingayen hanya da ake tsayawa a kowanne a ba da wani abu, sai kuma manoman da 'yan bindiga suka hana zuwa gona. Ya ce idan ka ɗora komai a kan fetur, ka bar sauran masu laifi sun tafi salin-alin. Shi bai taɓa fita waje ba, amma littafin lissafinsa na aljihu, wanda yake rubuta kuɗin kowace mota da biro, ya fi labaran ƙasashe uku bayyana mana tsadar abinci.

A nan maganar karatu ta shigo, kuma a nan nake da damuwa. Tambayar "me kake karantawa" tana nan, amma amsarta ta sauya. A da ana nufin littafi, ko jarida, ko wani dogon shiri da aka saurara a rediyo aka kwana ana tunaninsa. Bahaushe ya tashi da rediyo: Sashen Hausa na BBC tun 1957, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka tun 1979 har zuwa Maris na 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da ita, sai na Faransa da aka buɗe a 2007, wanda a nan Legas yake da mazauni. Wannan ya sa mai shayi a Agege zai iya gaya maka sunan firaministan Isra'ila da abin da ke faruwa a Mali. Ilmi ne na gaske, ba na raina shi. Amma labarin minti uku yana gaya maka abin da ya faru ne, ba ya gaya maka yadda aka yi aka zo nan. Yanzu kuma an ƙara gajarta shi: hoton rubutu a WhatsApp wanda ba a san marubucinsa ba, da muryar wani mai zafin kai ta minti biyu, da bidiyon TikTok. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba suna nan, shagunan littattafan addini suna nan a unguwanninmu, matanmu suna karanta ƙagaggun labaran Hausa masu ɗaruruwan shafuka a waya ba gajiya. Ba ƙin karatu ne ya kama mu ba. Dogon rubutu da Hausa a kan haraji da kasafin kuɗi da tarihin maƙwabtanmu shi ne ya yi ƙaranci, kuma mu masu iya rubutawa muna da kaso a wannan laifi.

Dokokin haraji sun nuna haka ƙarara. A Oktobar 2024 shugaban ƙasa ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon VAT ba, maganar ta shiga masallatai da tashoshin mota. A majalisarmu an yi makonni ana cewa za a kwashe kuɗin Arewa a ba Legas. Mutum ɗaya ne ya je shagon buga takardu ya biya aka fitar masa da sashen da ake rigima a kai, ya zo da shi a ninke a aljihun riga. Abin da ya nuna mana ya fi yadda ake yayatawa sarƙaƙiya. Tsohon tsari yana raba kason jihohi ne kashi 50 daidai-wa-daida, 30 bisa yawan jama'a, 20 bisa inda kuɗin ya fito. Amma "inda kuɗin ya fito" a tsohon tsari yana nufin inda hedikwatar kamfani take, yawancinsu kuma a Legas suke. Katin wayar da aka saya a Kano ana lissafa harajinsa a matsayin na Legas. Ƙudurin ya so ɗaga wannan kaso zuwa 60, ya kuma mayar da ma'anarsa zuwa inda aka yi amfani da kayan. Fargabar gwamnonin tana da tushe, domin tsalle daga 20 zuwa 60 babba ne, kuma jihar da mutanenta ba su da abin saye da yawa za ta ji a jikinta. Amma ɗaya rabin maganar, wanda zai iya amfanar jiha kamar Kano, kusan babu wanda ya ji shi. A ƙarshe aka daidaita a kan 50 daidai-wa-daida, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kaya, aka bar VAT a 7.5, aka sa hannu a Yunin 2025. Matsin lambar ta yi aiki, na yarda. Sai dai da yawa daga cikinmu sun yi ta ne ba tare da sanin abin da suke ƙi ba, kuma wanda ya saba da haka, gobe za a iya tura shi ya ƙi abin da zai amfane shi.

Akwai fanni ɗaya da nake ganin shaidar waɗanda suka zauna waje ta fi kowane littafi, kuma shi ne wanda ba su cika kawowa cikin gardamar siyasa ba: sun san baƙunci. Alhajin Jidda ya san yadda zuciya ke bugawa idan iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare aka hango askarawa, ya san abin da ake nufi da fasfonka ya kwana a hannun kafili. Haifaffen Kumasi ya ji daga bakin iyayensa yadda gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana a 1969, mutanen da suka gina gidaje suka binne iyaye a can suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Najeriya ma ta yi wa 'yan Gana irin haka a 1983. Malamin Hartum ya san garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu da sauran Hausawan Sudan 'yan ƙasa ne, amma a 2022, da maganar ƙasa da sarauta ta taso a jihar Shuɗin Nilu, aka yi rikicin da ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma abin da aka riƙa jifansu da shi shi ne cewa su baƙi ne. Bayan fiye da shekara ɗari.

Wannan ilmin ya kamata ya fi yi mana amfani a Legas fiye da farashin mai a Jidda. Hausawa suna Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna jin Yarabanci kamar Hausa, sun yi auratayya. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya so. Duk da haka mun ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a 2016, mun ga yadda haramcin acaɓa na 2020 da na 2022 ya raba dubban samarinmu da sana'a ba tare da muryarsu ta kai inda aka yanke hukuncin ba. Ban ce gwamnatin jiha ba ta da hujjarta a kan haɗurra da tsaro ba. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da ke kawo wa garin nan tumatir da albasa da shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba, waɗanda ke yankar tikiti kowace safiya kafin su yi cinikin farko, waɗanda kuɗinsu ke cikin harajin cikin gida na sama da naira tiriliyan 1 da jihar ta tara a 2024, ba su da nauyi a siyasar garin daidai da guminsu.

Wani ɓangare na dalilin yana hannunmu. A ƙasar waje mutanen nan ba sa wasa da takarda. Sun san ranar da izininsu zai ƙare, sun san ofishin da ake zuwa, sun yi rajista da ƙungiyar 'yan ƙasarsu. Da suka dawo Legas sai suka ajiye wannan tarbiyyar a filin jirgi. Mutum ya shekara ashirin a Agege, 'ya'yansa suna makarantar gwamnatin jiha, matarsa tana haihuwa a asibitin unguwa, amma katin zaɓensa na ƙauyensu ne. Idan zaɓe ya zo sai ya hau mota ya tafi gida ya zaɓi gwamnan da ba zai gyara masa kwatar ƙofar shagonsa ba, ko kuma ya ƙi zuwa ko'ina saboda tsoron rikici. A majalisa za mu raba dare a kan rikicin masarautar Kano da makomar Kwankwaso da juyin mulkin Nijar, waɗanda duk sun cancanci magana, amma da wuya ka samu wanda ya san sunan kansilan mazaɓar da yake kwana a cikinta.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. An ga yadda aka tsorata masu zaɓe a wasu rumfunan Legas a 2023, musamman a zaɓen gwamna, saboda ƙabilarsu. Mutumin da jarinsa ke shimfiɗe a bakin titi yana da dalilin guje wa abin da zai sa a sa masa ido. Akwai kuma tsohuwar hanyar da aka gada, ta bi ta hannun Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su je su yi magana da masu mulki, kuma ta kashe wuta da yawa da ba mu ma ji labarinta ba. Amma wannan hanya ta roƙo ce da sulhu, tana aiki ne bayan abu ya faru. Ba ta sa mai neman kujera ya zo tun da wuri ya tambayi abin da kuke so.

Lissafin kuwa yana gefen wanda ya fito. A 2023 Legas tana da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 7, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu ya samu 572,606 a jihar da ya mulka daga 1999 zuwa 2007. Tazarar ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, adadin da bai kai mutanen da ke shiga Mile 12 a rana ɗaya ba. A zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, inda ake yanke maganar rumfar kasuwa da kuɗin tikiti da kwashe shara, fitowar jama'a ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Hukumar zaɓe tana ba mutum damar mayar da rajistarsa zuwa inda yake zaune a duk lokacin da aka buɗe rajista, ba a biyan ko kwabo, kuma ana iya fara cike buƙatar ta intanet daga wayar da muke karanta labaran Hartum da Jidda a cikinta. Zaɓen 2027 shi ne na gaba, kuma ana rufe rajista watanni kafin ranar.